Zan kwance fanel ɗin jirgina gaba ɗaya in sake masa waya, ina neman shawararku

Mai RV-6A:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin wannan aikin da hannunsu. Jirgina RV-6A ne, ƙaramin jirgin sama irin wanda mutum ke haɗawa da kansa, ba ni na haɗa shi ba, a hannun wani na saya wanda shi ma a hannun maƙerin farko ya saya, injin Lycoming O-360 ne a kai kuma lafiya lau yake tashi, matsalar duk tana bayan fanel, wato farantin agoguna da makunnai da ke gaban matuƙi. Satin da ya wuce rediyo ta ɗauke min ina tsakar magana da hasumiya, sai bayan kamar minti ɗaya ta dawo da kanta. Da na sauka na cire kujera na kwanta rigingine, kaina can wajen feda, tocila a baki, na leƙa sama, wallahi abin da na gani sai da gabana ya faɗi. Wayoyi duk farare ba ko ɗaya mai alama, wasu an naɗe su da baƙin tef da ya riga ya saki yana danƙo a hannu, na ga wata jar waya irin ta mota an jawo ta daga makunnin fitila an liƙa a jikin wata, sannan akwai guda uku da aka yanke aka bari suna reto ban ma sani ba ko da wuta a jikinsu. Zanen waya kuwa babu shi a cikin takardun da aka ba ni.

To na yanke shawara kwancewa zan yi duka. Agogunan nan shida masu zagaye zan cire su tare da famfon iskar da ke juya biyu daga cikinsu, in sa allon Garmin G3X Touch da ƙaramin allon G5 na ko ta kwana. Tambayata uku ce, ta ina ake farawa, fis zan sa ko bureka, sannan kan waya soda ake masa ko matsewa. Na gode.

Tsohon Makaniki:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin komai ka ajiye almakashi. Kar ka yanke ko waya ɗaya sai ka cire kan batir, na nagatif tukuna, sannan ka ɗauki hoto ta kowace kusurwa. Abu na biyu kuma wanda ya fi tsaya min a rai shi ne wayoyin magnito, wato na'urar da ke ba fulogin injin wuta da kanta. Makunnin magnito ba wuta yake kai mata ba, idan ka kashe shi haɗa ta yake yi da jikin jirgi don ta mutu, to ranar da ka cire wannan wayar daga makunni magnito ɗinka a raye take ko da ba batir a jirgin kwata-kwata, wani ya zo ya ɗan juya farfela don ya wuce injin na iya tashi ya sare shi. Ka cire wayoyin fulogi ko ka haɗa wayar magnito da jikin injin tun daga can, kuma ka rataya takarda a farfela har ka gama aikin.

Mai RV-6A:
Allah ya saka da alheri Baba. Na san haka a karatu amma gaskiya ban haɗa shi da wannan aikin ba a kaina. Yau zan rataya.

Injiniyan Rediyo:
Amsar ta ina ake farawa ita ce a kan tebur da takarda da biro, ba a cikin jirgi ba. Ka jera duk abin da zai sha wuta, allo, rediyo, taransfonda mai amsa wa rada, fitilun fiffike, fitilar sauka, famfon mai, motar filaf, hitar bututun fito, wato bututun auna gudun iska, in kana da ita, kowanne ka rubuta am nawa yake ja daga littafinsa, ka raba wanda ke ci kullum da wanda ke ci jefi-jefi. Ƙa'idar da ake bi ita ce abin da ke ci kullum kar ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin altaneta, kenan in taka mai am 60 ce kar ka haye 48, ragowar na cajin batir ne. Daga wannan jerin ne kaurin kowace waya zai fito, daga kaurin waya kuma girman fis zai fito, a haka ake bi ba a juye ba.

Mutane da yawa sun ɗauka fis na'ura yake karewa, a'a, waya yake karewa kar ta yi zafi ta kama. Takardar hukumar FAA ta Amurka mai lamba AC 43.13-1B, babi na 11, akwai jadawalin a ciki, waya mai lamba 22 bureka am 5, mai lamba 20 am 7.5, lamba 18 am 10, lamba 16 am 15, lamba 14 am 20. Ka lura lambar na raguwa waya na ƙara kauri. Sai kuma tsawo, wannan shi ake mantawa. A jirgi mai bolt 14 ana so abin da zai zube a hanya kar ya wuce rabin bolt ga abin da ke aiki kullum. Ɗauki misali hita mai jan am 10 can a fiffike, waya ƙafa 15, in ka sa lamba 20 wajen bolt ɗaya da rabi zai salwanta a hanya kuma ma ka wuce abin da aka yarda wayar ta ɗauka, in ka sa lamba 14 asarar ba ta kai rabin bolt ba.

Sabon Maƙeri:
Ni fa yanzu na fara haɗa wutsiya ban kai nan ba amma ina bin ku a hankali. Injiniya tambayata, mene ne laifin wayar mota? Tagulla ce dai a ciki duka, kuma mota ma tana jijjiga tana zafi.

'Yar Abiyonik:
Tagullar ba ita ce matsala ba ƙanina, rigar ce. Yawancin wayar mota da ta gida rigarta PVC ce, tana narkewa da wuri, in ta ƙone kuma hayaƙinta guba ne mai ƙona ido da maƙogwaro. A mota sai ka taka birki ka buɗe ƙofa ka fita, a sama kana ƙafa dubu takwas ina za ka? Wadda muke amfani da ita ita ce mai rigar Tefzel, lambarta M22759/16, tana jure zafi har digiri 150, rigar siririya ce amma tauri gare ta ba ta saurin gogewa, sannan kowane silin tagulla an shafe shi da kuza don kar ya ci tsatsa. Kuma lambar da kaurin a rubuce suke a jikinta, ko bayan shekara ashirin wanda ya zo zai karanta.

Wuta a bayan fanel ba abin wasa ba ce ko a manyan jirage. Swissair 111, jirgi ƙirar MD-11, ranar 2 ga Satumba 1998 ya faɗa teku kusa da gaɓar Kanada, mutum 229 ba wanda ya fita, binciken ya nuna tartsatsin waya ne a saman ɗakin matuƙa ya kama abin rufin da ke kusa. Duk sanda na ga an naɗe mahaɗar waya da tef a jirgi shi nake tunawa.

Tsohon Makaniki:
Maganar fis da bureka kuwa ni bureka nake cewa, irin wadda ake iya jawowa da yatsa. Kana gani da idonka wacce ta fito, in na'ura ta fara hauka, misali motar tirim, wadda ke sauƙaƙa nauyin sandar tuƙi a hannu, ta ƙi tsayawa, ka ja ka kashe ta nan take. Shekara da shekaru a haka muka taso muna gyara.

Injiniyan Rediyo:
Baba ranka ya daɗe a nan kam zan ɗan saɓa maka. Ni akwatin fis nake sawa, irin masu ƙafa biyu, in ɓoye shi ƙarƙashin fanel inda hannu ba ya kaiwa a sama, kuma da gangan nake yin haka. Dalilina, in bureka ta fito akwai abin da ya fito da ita, ba ta fitowa haka kawai, amma da yake tana gaban matuƙi sai zuciya ta ce masa danna ka gani, ya danna ya sake tura wuta cikin wayar da ta riga ta yi shot, ga shi ya sunkuyar da kai yana lalube ya bar tuƙi. In an tsara jirgin yadda ba wani abu guda da mutuwarsa za ta hana ka sauka lafiya to ba ka da abin yi da fis a sama, ka sauka ka duba a ƙasa. Ga sauƙin nauyi, ga fili da za ka samu a fanel, ga mahaɗa kaɗan, don kowace bureka sukurori biyu ne da za su iya kwancewa. Wuri ɗaya ne na yarda dole bureka, wayar fil, wato wadda ke ba altaneta wutar da take aiki da ita, am 5, saboda na'urar da ke tsare hawan wuta in bolt ya haura wajen 16 da gangan take yin shot don ta fitar da burekar ta kashe altaneta, to wannan kana so ka iya mayarwa sau ɗaya.

Tsohon Makaniki:
To Injiniya tirim ɗin fa da otofailot? In sabo, wato 'yar motar otofailot da ke motsa sandar tuƙi, ta riƙe sanda tana ja?

Injiniyan Rediyo:
Makunni daban Baba, a inda babban yatsa zai same shi ba sai an duba ba. Amma na yarda, wanda ya sa wa waɗannan biyun bureka mai jawowa bai yi laifi ba.

Matuƙin Asabar:
Ku kuna ta fis da bureka mu mun wuce nan, ni VP-X na sa, akwati ɗaya ne na Vertical Power, bureka ce ta lantarki, kowane layi kana ganin am nawa yake ja a kan allo, in fitila ta mutu zai gaya maka layin ba ya jan komai, filaf da tirim duk ta ciki suke bi. Wayar da na ja ta ragu sosai.

'Yar Abiyonik:
Yana da kyau kuma na haɗa shi a jirage, amma ka gaya masa ɗaya gefen ma. Duk ƙwanka a kwando ɗaya suke, don haka abin da ba ka iya rasawa, wato G5 ɗin nan da rediyo ɗaya da famfon mai in injinka na buƙata, ka ba su wata hanyar wuta da ba ta bi ta akwatin ba. Wannan ba aibin akwatin ba ne, haka za ka yi ko da fis ka sa.

Mai RV-6A kai dai abin da zan ce ka zauna ka yi wa kanka tambaya ɗaya, altaneta ta mutu ina nesa da fili, me zan yi? Batir irin PC680 da ake yawan sawa wajen am-awa 16 ne yana sabo, kuma ba duka za ka samu ba balle in ya tsufa. In komai na kunne kana jan am goma sha wani abu ba za ka daɗe ba. Shi ya sa ake ware ƙaramin layi na jimiri, a ɗora masa abubuwan dole kawai, a ba shi makunninsa kai tsaye daga batir ta cikin fis, in abu ya faru ka kunna shi ka kashe masta, don kontaktar masta, wadda ke haɗa batir da babban layi, ita kanta kusan am ɗaya take ci don kawai ta zauna a rufe. Tsakanin babban layi da ƙaramin kuma dayod, don wuta kar ta koma baya. Da yake magnito gare ka injinka bai damu da batir ba, wannan rahama ce, masu fulogin lantarki biyu su lissafinsu ya fi wannan tsanani.

Mai RV-6A:
Hajiya na gode ƙwarai. Na kwana biyu ina zane, na tsaya a kan akwatin fis biyu, babba da na jimiri, sai bureka uku, fil da tirim da otofailot, kenan na ɗauko na Baba na ɗauko na Injiniya. Saura maganar soda ba wanda ya taɓa.

'Yar Abiyonik:
Matsewa. Ba don soda haramun ba ce, a'a, cikin kowace rediyo soda ce cike. Matsalar ita ce in ka yi wa kan waya soda dalmar tana tsotsuwa ta hau cikin silin ta mai da wurin sanda, daidai inda taurin ya ƙare nan jijjiga za ta dinga lanƙwasawa har ta karye a cikin riga kai ba ka gani, irin abin da ke sa rediyo ta ɗauke ta dawo kenan kamar yadda taka ta yi. In dole sai ka yi soda to ka sa robar da ke tsukewa da zafi ta wuce wurin ta riƙe shi. Amma fa matsewar da abin matsewa na gaske, mai haƙori wanda ba ya sakin waya sai ya kai ƙarshe, ba filaya ba. Kawunan waya irin PIDG suna kama tagulla su kama riga lokaci guda, ja na lamba 22 zuwa 18, shuɗi 16 zuwa 14, rawaya 12 zuwa 10. Fin ɗin konektocin allo kuma nasu daban ne, ni Daniels AFM8 nake amfani da shi, yana danna fin ta gefe huɗu. Kowane fin akwai ɗan rami a gefensa, bayan ka matse ka ɗaga shi wajen haske, dole ka hango tagulla ta ramin, in ba ka gani ba wayar ba ta shiga ba, yanke ka sake. Sannan ka ja kowane ɗaya da hannu, kowane ɗaya fa ba wai ka zaɓi wasu ba. Abin fiɗe riga ma ka kula, Tefzel tauri gare ta, in wuƙar ba tata ba ce tana yi wa sili rauni.

Ka sayi ɗan injin buga lakabi a kan robar tsukewa ka sa wa kowace waya suna a kai biyu, sunan da ke kan zanenka. Farar takarda da tef ba ta shekara biyu.

Mai Kitfox:
Ni abin da zan ƙara ba na waya ba ne na wurin zama ne. Kafin ka yanka alminiyon, ka buga hoton fanel ɗin a takarda daidai girmansa ka liƙa a kwali ka sa a jirgi, ka zauna ka ɗaura bel ka tsuke shi yadda kake tashi, ka rufe ido ka nemi kowane makunni. Famfon mai da filaf su kasance kusa da hannun totur, masta da abin da in ka kashe bisa kuskure za ka sha wuya su yi nesa da wanda kake taɓawa kullum. Mawaƙi John Denver a watan Oktoba 1997 a jirgi Long-EZ ɗin da ya saya a hannun wani ya rasu a gaɓar Kalifoniya, makunnin sauya tankin mai a bayan kafaɗarsa ta hagu maƙerin ya sa shi, sai ka murɗa jiki gaba ɗaya kafin ka kai, masu bincike sun sa wannan cikin dalilan haɗarin. Kuma ka duba bayan fanel ba gabansa kaɗai ba, rediyo doguwa ce ga konekta ga lanƙwasar waya a bayanta, a RV akwai haƙarƙari da wani bango na biyu a ciki da za su iya tare ka. Faɗin jerin rediyo inci 6.25 ne, ramin agogo babba inci 3 da 1/8, ƙarami 2 da 1/4. In za ka ƙara wa fanel tsawo ta ƙasa ka tura sanda gaba iyakarta hagu da dama da hannunka a kai ka ga ba ta taɓawa.

Tsohon Makaniki:
Ɗana ni ban so ka cire agogunan duka ba. Na gudun iska da na tsawo ba su cin wuta ko kaɗan, bututu kawai suke so. Ka bar ko na gudun iska ɗaya a gefe. Na san G5 na da batirinsa amma ni hankalina ya fi kwanciya da allura.

Mai RV-6A:
Baba na bar shi, ƙaramin mai inci 2 da 1/4, ya samu wuri a hagu.

Ga inda aka kwana bayan sati biyar. Tsohuwar wayar duk ta fita, ta cika bokiti. Waccan da ta sa rediyo ɗaukewa na same ta, soda aka yi mata a bayan bureka kuma ta karye a cikin riga daidai yadda Hajiya ta faɗa, sili biyu ne kawai suka rage suna taɓawa. Sabon fanel na yanka shi a alminiyon 2024-T3 mai kaurin inci 0.063, yawancin damin wayar a kan tebur na haɗa shi a kan katako da ƙusoshi sannan na ɗauko na sa. Jiya na kunna, na sa fis ɗaya bayan ɗaya ina kallon mita ina sansana iska, ba hayaƙi alhamdulillahi. Amma allon wani lokaci yana ganin sabo na otofailot da na'urar kamfas wani lokaci su ɓace. Na duba fin sau uku.

'Yar Abiyonik:
Kashe komai ka sa mita tsakanin wayoyin CAN guda biyu, na sama da na ƙasa, wato layin da na'urorin ke magana da juna ta kansa, ka gaya min om nawa. Layin CAN igiya ɗaya ce miƙaƙƙiya, na'urori na rataye a jikinta da gajerun rassa, kuma a kowane ƙarshe akwai resista mai om 120, biyu kacal, don haka mita 60 za ta nuna. In ka ga 120 ɗaya ta ɓace, in ka ga 40 uku ka sa.

Mai RV-6A:
40 ne cif.

'Yar Abiyonik:
To akwai ta uku. Wasu na'urorin tasu a ciki take, ana kunna ta da 'yar gada tsakanin fin biyu a konekta, ka duba wanda ke tsakiyar layi ka sa masa gada.

Mai RV-6A:
Na same ta, sabo na fiffike, tun farko a zanena shi ne ƙarshen layi, daga baya na ƙara na'urar kamfas gaba da shi na rufe layin a can na manta ban cire gadar baya ba. Na cire, mita ta ce 60, komai ya fito a allo ya zauna. Na gyara zanen ma nan take.

Matuƙin Asabar:
Na'urar kamfas ɗin a ina ka sa ta? Ka tabbata sukurorin da ka ɗaure ta ba na ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa ba ne, kuma wayar fitila kar ta bi ta kusa da ita ita kaɗai, in dole ne ka murɗa ta tare da wayar dawowarta don maganaɗisun junansu ya kashe juna. Ni sai da na ga kamfas na motsi duk sanda na kunna fitilar sauka sannan na gane. Akwai gwajin katsalandan a cikin allon, ka yi shi kana kunna komai ɗaya bayan ɗaya kana motsa sanda.

Sabon Maƙeri:
Dan Allah ina son in gane maganar nagatif. Jirgin alminiyon ne duka, me zai hana kowace na'ura a ɗaure nagatif ɗinta a jikin jirgi inda ta ke a huta da jan waya biyu?

Injiniyan Rediyo:
Ga fitilar fiffike ko hita ba laifi a jirgin ƙarfe. Ga rediyo da na'urar sauti da ma'aunan injin kuwa a'a. Jikin jirgi ba sifili yake ba ko'ina, wutar altaneta da ta fitilu masu walƙiya tana bi ta cikinsa tana komawa, sai a samu ɗan bambanci tsakanin wannan kusurwa da waccan, 'yan milibolt ne amma siginar makirfo ma ai 'yan milibolt ce, sai ka ji shi a kunne. Abin da ake yi shi ne farantin tagulla ɗaya mai 'yan harsuna da yawa a bangon da ya raba injin da mazauni, babban noti ya ratsa bangon, ta gefen injin a ɗaure nagatif ɗin batir da kakkaurar wayar da ke zuwa jikin injin, ta ciki kuma duk nagatif na fanel su zo nan su haɗu. Waccan wayar ta jikin injin kar a raina ta, in ta kwance sitata za ta nemi hanyar komawa ta duk abin da ta samu, ko kebul ɗin totur ko siririn nagatif na ma'auni, ta ƙone shi. Kuma kowace kontakta a sa mata dayod a kan kwayil don tartsatsin da take mayarwa idan an kashe kar ya dinga cin makunni.

Mai RV-6A:
Injiniya kamar ka san abin da zan zo da shi. Yau na tada injin karon farko, bolt ya tsaya 14.2, mai da zafi duk daidai, amma abu biyu. A hedfon akwai wani siririn kuka da ke hawa in na ƙara totur ya sauka in na rage, in na ja burekar fil sai ya yi tsit. Na biyu, ma'aunin zafin hayaƙi na silinda ta uku maimakon ya hau sauka yake yi.

Injiniyan Rediyo:
Kukan altaneta ne, amma kar ka yi saurin zarginta ko ka je neman filta. Jak ɗin hedfon a ina ka ɗaure su? In a jikin alminiyon suke kai tsaye to wuyan jak ya zama nagatif na biyu. Kwance notin ka bar jak ɗin yana reto a iska bai taɓa komai ba ka sake tadawa. In kukan ya tafi sai ka sa washa biyu na roba, ɗaya mai ɗan wuya da ke shiga ramin ɗaya shimfiɗaɗɗiya. Garkuwar wayar sauti kuma ta gefen na'urar sauti kaɗai ake ɗaure ta, ta gefen jak a yanke a rufe.

Tsohon Makaniki:
Na hayaƙin kuma ka juya wayar ne. A launin Amurka na irin waɗannan ma'aunai ja shi ne nagatif, ba kamar na batir ba, nau'in K rawaya da ja, nau'in J fari da ja, kusan kowa sai ya faɗa wannan ramin sau ɗaya. In ka ƙara musu tsawo kuma da irin wayarsu za ka ƙara ba tagulla ba. Tunda kana wajen, ka leƙa inda damin ya ratsa bangon injin, a sa masa bututun ƙarfe da rigar wuta da abin toshewa mai jure wuta, ba roba kawai ba, kuma duk inda waya ta haɗu da bututun mai waya ce a sama, kar a ɗaure su tare.

Mai RV-6A:
Duka biyun haka ne. Jak ɗin fasinja ne, na sa washa ta waje na manta mai wuyan, da na sa sai shiru kamar an ɗauke ruwa. Silinda ta uku ma na juya ta hau tare da 'yan'uwanta.

'Yar Abiyonik:
Madalla. Kafin ka rufe, ka tabbata ka bar wa kowace konekta rarar waya yadda za ka iya zaro allon ya fito gabanka ka kwance daga waje, in ba haka ba duk gyara sai ka koma kwanciya wajen feda. Kebul ɗin eriya RG400 ka sa ko? Kar ka lanƙwasa shi da ƙarfi kuma kar ka ɗaure shi cikin damin wayar sauti. In a Amurka jirgin ke da rajista, tunda ka taɓa taransfonda da bututun iska sai mai izini ya gwada su, gwajin taransfonda dama duk wata 24 ne, ADS-B kuma, wato na'urar da ke watsa inda jirgi yake, tun 1 ga Janairu 2020 dole ne a sararin da aka ƙayyade, bayan tashin farko ka nemi rahoton aikinsa daga FAA ka ga yana aika daidai. Ka karanta takardar sharuɗɗan jirginka a kan abin da ta kira babban canji. Sannan ƙungiyar EAA ta masu haɗa jirgi da kansu tana da masu ba da shawara na sa kai da ke zuwa su duba aiki, ka kira ɗaya ya leƙa kafin ka mayar da murfi, idon da bai saba da wurin ba yana ganin abin da naka ya daina gani.

Tsohon Makaniki:
Kuma ka sake auna nauyi. Famfon iska da agoguna da bokitin wayar nan duk gaba suke, ka cire su tsakiyar nauyi ta ja baya, kar ka yi lissafi a takarda ka ce ya isa, ka hau da shi kan sikeli. In ka tada injin kuma kafin ka kashe ka gwada makunnin magnito a ƙaramin gudu ka ga yana kashewa da gaske sannan ka cire takardar farfela.

Mai RV-6A:
RG400 ne Hajiya, rarar waya ma na bari kamar tsawon hannu. Magnito na gwada ɗazu, hagu da dama kowacce ta sauke gudu kaɗan, da na kai kashe injin ya ɗauke, na cire takardar. Zanen ya zama shafi tara, na buga kwafi biyu ɗaya na cikin littafin jirgi ɗaya a leda a aljihun bayan kujera. Sikeli uku sun iso hanga, gobe da safe za mu zuƙe mai mu daidaita shi mu auna, Baba zan turo maka lambobin ka duba min lissafin kafin in rubuta a littafi.